Na zuba wa bariyabul lamba, me ya sa kompaila ke cewa ban yi amfani da shi ba?

Salamu alaikum jama'a. Wannan hoton da kuke gani na gargaɗin kompaila (manhajar da ke fassara abin da muka rubuta zuwa harshen kwamfuta), mai cewa an zuba lamba amma ba a yi amfani da ita ba, ɗalibai masu koyon harshen rubuta manhaja na C daga Samaru har Kongo a Zariya sai turo mini shi suke yi, kowa da ƙorafi iri ɗaya: "Malam, ga shi na sa masa lamba, amma gargaɗin ya ƙi tafiya."

To ku dubi allo. A layi na uku mun ƙirƙiri bariyabul, wato ma'ajiyar lamba, mai suna sakamako. A layi na bakwai mun zuba masa abin da aikin ajiye maki (wato sashen manhaja mai ajiye maki) ya dawo da shi. Yanzu ku bi ni ƙasa, a hankali. Ina aka karanta shi? An buga shi a allo? An gwada shi da if, umarnin duba sharaɗi? An miƙa shi ga wani aiki? Ko ɗaya babu.

Nan ne mutane ke ruɗewa. A wurin kompaila, zubawa daban, amfani daban. Sai an ɗebi abin da ke ciki sannan a ce an yi amfani. Kamar randa ce da kullum ake cika ta, amma ba a taɓa sa moɗa an ɗiba ba.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. Da ajiye makin nan zai gaza, sakamako ne kaɗai zai faɗa mana, mu kuwa ba mu tambaye shi ba. Makin ɗalibi ya salwanta, manhaja tana ta aiki kamar lafiya lau.

Kompailar GCC ta kawo wannan gargaɗin a sigar 4.6, a 2011, yana fitowa idan kun kunna -Wall, zaɓin da ke fito da gargaɗi iri-iri. Kompailar Clang sai a sigar 13, a 2021. Harshen Go ma ba ya lallashi, ƙin haɗa manhajar yake yi ɗungurungum, kuma wallahi ni hakan ya fi kwanta mini.

Gyara? Ga shi: if ɗaya, mun duba sakamako, gargaɗi ya tafi. In ba ku buƙatarsa, ku goge shi, amma kada ku goge kiran aikin. Bariyabul ɗin da assert (umarnin gwaji da ake iya kashewa lokacin haɗa manhaja) kaɗai ke karantawa, ku sa masa alamar [[maybe_unused]], a harshen C++ tun C++17 akwai ta, a C kuwa sai C23. Don Allah kada ku garzaya ku rubuta (void), dabarar rufe bakin gargaɗin, don kawai allo ya yi tsab, ku fara tambayar dalilin da ya sa kuka ajiye lambar tun farko.