Tarihi a lise: wa ya faɗa, kuma ina hujjarsa?

Wannan lacca ce da wani malamin tarihi ya yi wa ɗaliban lise da iyayensu a Tawa. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai abokan aiki, 'ya'yana ɗalibai, sannunku da zuwa.

Bara wata ɗaliba 'yar tarminal ta kawo mini kayenta, ta ce: "Mushe, na haddace duka." Na buɗe, na ga shekaru jere da jan biro: 1914, 1939, 1945, 1960. Sai na tambaye ta me ya sa Faransa ta ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram ta kai Yamai a 1926. Shekarar tana kanta, amma dalili babu. Ban ga laifinta ba, haka muka saba musu tun daga kolej. To amma a lise, balle ga mai shirin bak, jarrabawar gama lise, na seri A, hadda kaɗai ba ta kai mutum. Ranar jarrabawa takarda za a aje maka, jawabin wani shugaba ko rahoton wani kwamanda, a ce yi sharhi. Wa ya rubuta? Yaushe? Wa yake so ya ji? Me ya ɓoye?

Bari mu gwada da abin da ya faru a ƙasarmu. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta ratsa nan, ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ta ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Labarin ɓarnar ya kai har Paris, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli, bayan 'yan kwanaki su ma sojojinsu suka kashe su. Wannan yana cikin takardun Faransawa. Amma waɗanda aka ƙone wa rumbuna ba su bar rahoto ba. Labarinsu yana bakin jikokinsu, yana cikin kirari da waƙa. Kuma da yawa daga cikinku Sarauniya ta littafin ƙirƙira da ta fim kuka sani. Ga hanyoyi uku ke nan, kowace da irin nata son rai. Sojan yana kare kansa gaban manyansa, jikan yana kare darajar gidansu, marubucin yana son ya tada zuciyar jama'a. Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya jera su gaba ɗaya, ya ga inda suka haɗu da inda suka raba hanya, sannan ya faɗi abin da hujja ta ɗauka, ya tsaya nan. Tsayawar nan ita ce mai wuya.

Iyaye, na san tambayarku: yaro ya karanta tarihi, me zai ci? Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Akwai koyarwa, akwai aikin jarida, da shari'a, da aikin gwamnati. Alƙalin da aka kawo wa rikicin gona ko na burtali tsakanin manomi da makiyayi, me yake yi in ba auna shaidu ba? Kuma yau da WhatsApp ke kawo mana murya ba suna ba gari, yaron da ya saba tambayar "wa ya faɗa" ba a saurin ja shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yaranmu sun san Yaƙin Cacar Baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma dole su san shi, yana cikin manhaja. Amma ka tambaye su ina aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai su ce Sakkwato. A Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin wannan jiha tamu ta Tawa, a lokacin ƙasar Gobir ce. Ka tambaye su yadda gidan sarautar Illela ya samo asali, kaɗan ne za su ambaci Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17. Ga shi kuwa jami'ar garin nan sunan Farfesa Djibo Hamani take ɗauke da shi, mutumin da ya yi bincike mai zurfi kan Adar kafin zuwan Turawa. A Yamai akwai cibiyar bincike ta IRSH, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, da yawansu Boubou Hama ne ya tattaro su, akwai kuma cibiyar CELHTO da ke aiki kan tarihin baka. Ba sai an ƙetare teku ba.

Ku fara daga tsakar gida. Tsofaffinmu da sunan yunwa suke lissafin shekaru. Za ka ji an ce "shekarar Kakalaba", wato wajen 1914, ko "shekarar El-Buhari", wato 1984. Ku duba sunan nan na biyu da kyau. Fari ne ya kashe hatsi, amma mutane suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin, saboda ya rufe iyaka, abinci ya daina shigowa daga kudu. Cikin suna guda talaka ya faɗi abin da ya gani a matsayin dalili. Ko ya yi daidai, ko ya bar wani abu? Nan bincike yake farawa.

Saboda haka ga aikinku, 'yan sagwand har zuwa tarminal. Kowa ya sami kakarsa ko wani dattijon unguwa, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya nemi izini kafin ya kunna waya. Ku tambaye shi inda yake a shekarar El-Buhari, me suka ci, wa ya tafi bida, wa ya dawo. Ku rubuta ranar hirar da shekarunsa. Sannan ku nemi mutum na biyu, daga wani gida dabam, ku yi masa tambayoyin nan dai. Bayan sati biyu ku kawo mini duka biyun, mu baje su bisa tebur.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. Baba, ga ka can baya, bismilla.