Fodkas: Musa na wane gida?

Hadiza: Barkanmu da warhaka daga Yamai. Yau muna tare da Malam Isuhu da ƙanenmu Sani. Malam, wata ɗaliba ta je taro ƙasar waje, ta sa sunanta da kalmar sirri a eduroam, wato wifi ɗin haɗin gwiwar jami'o'in duniya, rezo ya ƙi ta. Ta rantse ba ta manta kalmar ba.

Malam Isuhu: Na yarda da ita. Amma ta sa arobas, wato alamar @, da abin da ke bayansa?

Sani: Ai wannan imel ne, Malam.

Malam Isuhu: Kama ce kawai. Abin da ke bayan arobas sunan yanki ne, mai nuna jami'arta ta gida. Jami'ar da ta sauka ba ta san ta ba, ba ta riƙe kalmar sirrinta ba. Sabar RADIUS ta jami'ar, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga rezo, sunan yankin take dubawa, sai ta tura tambayar gida, can ne ake cewa e ko a'a. Haka aka tsara eduroam tun da aka faro shi a Holan a 2002. In ta rubuta suna tsura, ina za a kai tambayar?

Hadiza: To me ya sa a gida yake shiga?

Malam Isuhu: Wasu masu kula da rezo suna ƙyale shi, sai mutum ya saba. Ni ban son wannan sassaucin.

Sani: Kerberos fa?

Malam Isuhu: Shi ma tsarin tantance mai shiga ne, da ke ba mutum tikitin shaida. Ɗan jami'ar MIT ta Amurka ne, na shekarun 1980. Yankinsa da manyan baƙaƙe aka saba rubutawa, kuma yana bambanta babba da ƙarami. Wahalar tana wajen daidaita suna. Kwamfutar Linux "musa" kawai ta sani, shi kuwa tikitin yana cewa musa@TAWA. A cikin krb5.conf, fayil ɗin saitin Kerberos, akwai dokokin auth_to_local masu yanke wutsiyar @TAWA ɗin. In mutum ya yi ganda ya ce a yanke ta kowa, kuma yankuna biyu sun amince da juna, musa@MARADI ya zo...

Hadiza: Ya shige ɗakin Musan Tawa!

Malam Isuhu: Da fayilolinsa duka. Mu ma in an ce Musa, sai mun tambaya na wane gida.

Sani: To yaya ake yi da baƙon?

Malam Isuhu: Ɗan gida kawai ake yanke wa. Baƙo a ba shi suna dabam, ko a hana shi shiga.

Hadiza: Mako mai zuwa sai agogo, Malam, tunda Kerberos ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.