Bakan Gizo a Ajin Firamare

Ga ta nan, ga ta nanku!

Kun ji yadda bakinku ya amsa da kansa? "Ta zo mu ji ta." Babu wanda ya taɓa dukan yaro don ya haddace wannan. To, me ya sa malamin kimiyya ba zai shiga ta wannan ƙofa ba?

Mu ɗauki bakan gizo. Tun muna yara ake ce mana in ya fito, ya shanye ruwan sama ke nan. Malami mai dabara ba ya ce wa ɗan aji biyu, "Kakarka ƙarya ta yi." Sai ya ce, "To, mu je mu kama Gizo yana sha."

Da hantsi ko bayan la'asar, ya fitar da yara fili. Kowa ya ba rana baya, ya guntsi ruwa, ya fesa sama. Sai ga ɗan ƙaramin baka a cikin feshin! Nan za a fara ihu. Wa ya zana shi? Ina Gizon yake?

Abin da ya faru shi ne, hasken rana da muke gani fari, launuka ne a gauraye. In ya shiga ɗigon ruwa sai ya lanƙwasa, ya bugi bayan ɗigon ya dawo, kowane launi ya kama hanyarsa: ja a waje, shuɗi can wajen ciki. Isaac Newton ya nuna haka a Ingila da guntun gilashi mai kusurwa uku, wajen 1666. Yaranmu kuwa buta ta ishe su.

Kuma kaka ba ta rasa hujja ba. Baka ba ya fitowa sai rana ta leƙo ta gefe guda, alhali akwai ɗigon ruwa a ɗaya gefen, wato sau da yawa lokacin da hadari ke wargajewa. Ta lura daidai, dalilin ne ta jingina wa Gizo. Ai dama shi ya saba ɗaukar laifi.

Kacici-kacici ma haka. Baba na ɗaka, gemu na waje? Wuta da hayaƙi. Sai a tambaya: don me gemun ke yin sama, ba ya bin ƙasa? Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, ita ke ɗauke da hayaƙin. Ɗan langa kuma, in ya riƙe ƙafa ɗaya, me ya sa yake buɗe ɗaya hannun? Ku bar shi ya faɗi sau biyu tukuna, amsar za ta zo.

Harshe ma na da hannu a ciki. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarabanci, har da lissafi da kimiyya. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba.

Sai dai a kiyaye abu guda: kada tatsuniyar ta cinye darasin. In yaro ya koma gida yana cewa malam ya tabbatar Gizo na shan ruwa, an yi ba a yi ba. Kafin a tashi, a sa shi ya faɗa da bakinsa inda rana take, inda ruwa yake, da inda shi ya tsaya.

Ƙurunƙus!