Ƙwaƙwalwa da Tsufa: Me Ke Tafiya, Me Ke Zama?

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da yamma daga birnin Katsina. Ina tare da Kawu Sada da Kabiru. Kawu, kai ka kawo maganar, bismilla.

Kawu Sada: Abin da ke ɗaure mani kai ke nan. Akwai alaramma a unguwarmu, ya haura 80. Ja mashi baƙi daga ko'ina, zai ɗora ba tuntuɓe. Amma a nuna mashi yadda ake tura kuɗi ta waya yau, gobe sai an sake daga farko.

Kabiru: Ai basirar iri biyu ce, Kawu. Wani masani, Raymond Cattell, ya raba su tun shekarun 1940. Akwai ta warware abin da ba ka taɓa gani ba, ita tana kai ƙololuwa ne mutum yana 20 da 'yan kai, daga nan ta riƙa ja da baya a hankali. Akwai kuma ilimin da aka tara, kalmomi, hadda, sanin halin mutane. Wannan ƙaruwa yake har a wuce 60.

Rabi: Wato ni ma na fara gangara?

Kabiru: Tuni, Anti Rabi! Bayan 40 ƙwaƙwalwa tana motsewa, kusan kashi 5 cikin 100 duk shekara 10. Inda ya fi taɓuwa shi ne sashen goshi, mai tsara shawara da riƙe abu biyu ko uku lokaci guda, sai wani ɗan sashe can ciki mai ajiye sababbin abubuwa. Su kuma zaren jijiyoyin da ke kai saƙo suna da rufin kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. In ya fara zaizayewa, saƙo sai ya yi jinkiri. Wani masanin, Timothy Salthouse, a 1996 ya ce wannan jinkirin ne tushen yawancin raguwar: kafin ka kai ƙarshen lissafi, farkonsa ya kuɓuce.

Kawu Sada: Wallahi haka ne. Da, kuɗin buhun gero da na dawa da ladan dako duk a ka nake haɗawa, mai kaya bai rufe baki ba na gama. Yanzu sai na jawo biro.

Rabi: Amma fa ba kowa ke raguwa daidai ba. A Sikotilan, 1932 da 1947, an yi wa kusan duk yara 'yan shekara 11 jarrabawar basira. Da suka tsufa, Ian Deary na Jami'ar Edinbura ya nemo wasunsu ya sake ba su ita. Kusan rabin bambancin da ke tsakaninsu a tsufa, tun suna yara yana nan.

Kawu Sada: Ɗaya rabin fa?

Rabi: Rayuwa ce, Kawu. Kuma a nan ni hawan jini ne ke ba ni tsoro. Mutanenmu sun san yana kawo shanyewar ɓarin jiki, ba su san yana toshe ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa shiru-shiru ba, shekara da shekaru, kai bai ma yi ciwo ba. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya kare ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na rikicin tsufa. Ciwon suga na ciki, taba na ciki, har da nauyin kunne.

Kabiru: Kunne kuma?

Rabi: Dattijon da ba ya ji sosai yakan gaji da cewa "na'am?", sai ya daina zuwa majalisa. Hira ta yanke, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi.

Kawu Sada: To ni da sunan mutum ke ɓace mani da hantsi, ya dawo bayan la'asar?

Rabi: Wannan tsufa ne kawai. Wanda za a kai asibiti shi ne mai ɓata hanya tsakanin masallaci da gida, ko ya ci tuwo ya rantse ba a ba shi ba. Irin wannan ne ake cewa sammu ko aljanu, a yi ta hayaƙi, alhali ba a taɓa auna jininsa ba.

Kabiru: Kawu, kai yaushe rabonka da awo?

Kawu Sada: Kai dai karanto saƙonnin masu sauraro, yaro.