Bahaushe da R1b: daga ina wannan tsatson uban ya fito?

Wani hoto ne ke ta yawo a Facebook da TikTok: Bahaushe ya tura yawunsa an yi gwajin DNA, sakamako ya ce R1b. Da ya bincika, sai ya ga kusan maza takwas cikin goma a ƙasar Ailan su ma R1b ne. Nan take wasu suka ce ashe jinin Turawa ne, wasu suka ce ga shaidar Bayajidda ta fito. Duka ɓangarorin biyu sun tsallake mataki ɗaya.

Namiji yana ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna Y. Uba ke ba ɗansa, mace ba ta da ita. Tana sauka kusan yadda take, sai jefi-jefi harafi ɗaya ya canza, duk mazan da suka biyo baya su gaji canjin. Da haka aka zana rassan tsatson uba, R1b kuwa sunan ɗaya daga cikinsu ne.

To, ga inda ake ɓata. Ku ƙirga: iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka hau hawa goma, gurbi 1,024 ke nan. Y ɗinka daga mutum ɗaya tak ta zo a cikinsu: uban uban ubanka, har sama. Sauran 1,023, har da dangin uwa kakaf, wannan sakamakon bai ce uffan a kansu ba. Y ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin mutum ba, kuma ba ita ke yanke launin fata ko tsawon hanci ba. Kamar tsagar gado ce: ta gidan uba ake yi wa yaro, ko da kawunsa ya ɗebo sak. Mutum zai iya zama R1b alhali kusan dukkan jininsa na yankin Tafkin Chadi ne.

Sannan R1b babban gida ne. Reshen Yammacin Turai sunansa M269, ya bazu daga filayen arewa da Bahar Aswad kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Na yankinmu V88 ne. Sun rabu fiye da shekara 15,000, tun ba a fara noma ba.

A 2010 masanin ƙwayoyin gado Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka samu V88 a kusan kashi 95 na mazan Uldeme da ke duwatsun Mandara, arewacin Kamaru, masu harshe ɗan'uwan Hausa a dangin harsunan Chadi. A Siwa ta Masar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani bincike na 2008 ya samu R1b a kimanin kashi 40 na Hausawan Sudan, amma maza 32 kawai aka auna. A ganina zalunci ne a yanke wa miliyoyin Hausawa hukunci da mutum 32.

Ƙasusuwa mafi tsufa masu reshen V88 a Turai aka tono su: bakin kogin Danube a Sabiya, Yukiren, Sifaniya, tsibirin Sardiniya. Shi ya sa masana da yawa ke ganin ya tsallako Arewacin Afirka, ya ratsa Sahara lokacin da take kore shar, da ciyawa da shanu da dorina. A lokacin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin Najeriya. Reshen Afirka ya haura shekara 5,000. Bagadaza kuwa, inda labari ya ce Bayajidda ya fito, a shekarar 762 miladiyya aka gina ta, kuma reshen da ya fi yawa a yankin Larabawa J1 ne. Wannan sakamakon bai tabbatar da labarin Bayajidda ba, bai kuma ƙaryata shi ba.

Mai son gwaji ya lura: mai araha yakan tsaya a R1b kawai, daga nan ruɗanin ke farawa. Nemi wanda ke duba alamomin SNP, wato canjin harafi ɗaya ɗin nan, ya faɗa maka V88 ne ko M269. Mace kuma sai ta sa a auna mahaifinta, ko ɗan'uwanta uba ɗaya, ko baffanta. In aka auna kawu, tsatson gidan su mahaifiya zai fito.