Formula 1 a Shekarun Baya: Labarin Sifanar da Aka Ɗaure a Sitiyari

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar wa ɗaliban kanikanci da masu gareji. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamai, iyayenmu masu gareji da nake hange a sahun gaba, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga wasu suna ta kallon sifanar nan da na shigo da ita. Ba gyara na zo yi ba, ku kwantar da hankalinku. Zan ajiye ta a kan tebur, in lokacinta ya yi za ta yi magana.

An ce in yi bayani kan tarihin tseren motoci da ake kira Formula 1. Ita kalmar Formula ma'anarta ƙa'ida: jerin dokokin da suka faɗi girman inji, nauyin mota, faɗin taya da sauransu. Mota ce mai kujera ɗaya, tayoyinta huɗu a waje, babu rufi. Turawa sun daɗe suna irin wannan tsere tun kafin yaƙin duniya na biyu, amma gasar fitar da zakaran duniya ta fara ne ranar 13 ga Mayu, 1950, a Silverstone ta Ingila, wani tsohon filin jiragen yaƙi da aka mayar fagen tsere. Sarki George na Shida da kansa ya je kallo. Giuseppe Farina na Italiya ya ci a motar Alfa Romeo, kuma shi ya zama zakaran farko a ƙarshen shekarar.

Ku nemi hoton direbobin wancan lokaci ku gani. Mutum ne zaune a miƙe, rabin jikinsa a waje, da riga mai gajeren hannu, da hular fata ko ta yadi, da tabarau. Inji na gabansa, tankin mai na bayansa. Babu bel. Ba mantawa suka yi ba, da gangan ne: sun fi son mota ta cilla su waje da su maƙale a ciki wuta ta cinye su. Gefen hanya kuwa bishiyoyi ne, da turakun waya, da gidajen mutane, sai dammunan ciyawa da aka jera wai su tare mota. Ciyawa kusa da fetur, kun ji dabara.

Gwanin wannan zamani shi ne Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina, kuma ku masu gareji ku riƙe wannan: bakanike ne kafin ya zama direba. Ya ci kambu biyar, a 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, da motocin kamfanoni huɗu. Tserensa da aka fi tunawa shi ne na Nürburgring a Jamus, 1957, hanyar da ta zarce kilomita 22 cikin daji da tsaunuka, kwana ta fi ɗari. Yana da shekara 46. Ya tashi da rabin tanki don motar ta yi sauƙi, da niyyar tsayawa ya ƙara mai ya canza taya. Da ya tsaya, yaransa suka yi masa aika-aika, noti ya faɗi aka shiga nema, har motocin Ferrari biyu na Hawthorn da Collins suka ba shi ratar kusan daƙiƙa 50. Dattijon nan ya bi su, kowane zagaye yana karya tarihin da shi ya kafa a zagayen baya, ya cim musu saura zagaye ɗaya ya wuce. Nasararsa ta ƙarshe ke nan, ta 24. A shekarar da ta biyo baya 'yan tawayen Castro suka sace shi a Havana, suka riƙe shi har aka gama tseren da ya je yi, sannan suka sake shi lafiya. Amma wannan wani labarin ne.

A ƙarshen shekarun 1950 wani ƙaramin gareji a Ingila, na John Cooper da mahaifinsa, ya ɗauke inji daga gaba ya mayar bayan direba. Nauyi ya taru a tsakiya, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga inji zuwa tayoyin baya ya tafi, mota ta ƙanƙance ta riƙa shan kwana kamar an ɗora ta a layin dogo. Stirling Moss ya ci da ita a Ajantina a 1958, Jack Brabham na Ostireliya ya ɗauki kambu da ita a 1959 da 1960. Enzo Ferrari, mai masana'anta guda, ya raina su, yana kiran Turawan Ingilan nan da wata kalmar Italiyanci mai nufin 'yan gareji. Kafin shekara uku shi ma ya mayar da nasa injin baya. (Dariya.) Ai kun ji daɗi. Shi Brabham ma a 1966 ya ci kambu da motar da ke ɗauke da sunansa, ta kamfaninsa, kuma har yau babu wanda ya sake yin haka.

Sai Colin Chapman na Lotus, mai tsananin ƙin nauyi. A 1962 ya daina haɗa ƙashin mota da bututun ƙarfe, ya naɗe farantin alminiyom ya yi shi kamar kwale-kwale, direba ya kishingiɗa a ciki, tankunan mai a dama da hagu. A 1966 aka ninka girman inji daga lita ɗaya da rabi zuwa uku. A 1967 injin Cosworth da Ford ta biya kuɗinsa ya fito, wanda ya ci tsere 155. A 1968 aka soma dasa wa motoci fiffike, irin na jirgin sama amma a kife, don iska ta danna mota ƙasa maimakon ta ɗaga ta. Gudu yana ta ƙaruwa, bishiyoyin nan kuwa suna nan inda suke.

To, sai mutuwa. Von Trips a Monza ta Italiya, 1961, shi da 'yan kallo 15. Bandini ya ƙone a Monako a 1967, a cikin dammunan ciyawar da na ambata. Jim Clark, manomi ɗan Sikotlan wanda abokansa suka yarda ya fi su duka, ya bugi bishiya a Hockenheim a 1968. Jochen Rindt ya mutu a Monza a 1970, kuma makin da ya tara babu wanda ya kamo, aka ba shi kambu yana kabari. Abin da masu shirya tsere ke faɗa kuwa bai wuce abin da mu ma muke faɗa a bakin titi ba: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma ni a ganina sau da yawa ana jingina da wannan magana ne don kada a tambayi wanda ya bar turken waya a bakin kwana.

Yanzu sifana. (Ya ɗaga ta.) A watan Yuni na 1966, a Spa ta Beljiyam, ruwa ya tsuge a zagayen farko. Wani saurayi ɗan Sikotlan, Jackie Stewart, motarsa ta zame ta bar hanya ta lanƙwashe da shi a ciki. Sitiyari ya danne shi, tanki ya fashe, fetur ya cika wurin zamansa yana cin fatarsa. Babu ma'aikaci ko ɗaya a kusa. Direbobi biyu da su ma suka faɗi a wurin, Graham Hill da Bob Bondurant, su suka zo. Ba su da abin kwance sitiyari, sai da suka aro sifana a motar wani ɗan kallo. Kusan minti 25 yana jiƙe cikin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Da aka fitar da shi aka shimfiɗe shi a wani ɗaki, ƙasa duk guntayen taba. Motar asibitin da ta ɗauke shi zuwa birnin Liège kuma direbanta ya ɓata hanya.

Tun daga ranar Stewart ya riƙa ɗaure sifana a jikin sitiyarinsa da salatif. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki nasa likitan yana yawo da shi, ya shiga neman a sa shingen ƙarfe, a sare bishiyoyi, a kawo 'yan kwana-kwana, a sa bel da hular kwano mai rufe fuska. Ba a yi masa tafi ba. Masu filaye suka ce kuɗi, wasu 'yan jarida suka ce matsoraci ne, in yana tsoro ya koma gida. Abin da ya rufe musu baki shi ne ya fi su gudu: kambu uku, 1969, 1971 da 1973, kuma a 1968 ya ci Nürburgring cikin ruwa da hazo da ratar minti huɗu, hannunsa a ɗaure saboda rauni. Wa zai kira wannan matsoraci? Direbobi suka haɗa kai suka ƙi zuwa Spa a 1969, suka ƙi Nürburgring a 1970. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Bel kuwa sai a 1972 aka wajabta shi.

Kada ku zaci abin ya gyaru nan take. Akwai faifan da nake nuna wa ɗalibaina, kuma ba na iya kallonsa har ƙarshe. Zandvoort ta Holan, Yulin 1973. Roger Williamson, tserensa na biyu ke nan, motarsa ta kife ta kama wuta, shi kuwa da ransa a ciki. Wani direba, David Purley, ya tsayar da tasa motar ya tsallako da gudu, ya sa kafaɗa yana ƙoƙarin birkito motar shi kaɗai. Ma'aikatan da ke tsaye ba su da rigar wuta, ba su iya matsowa ba. Ya fizgi abin kashe gobara guda ɗaya da ke wurin ya fesa har ya ƙare. Ba a tsayar da tseren ba. Sauran direbobi na wucewa suna zaton Purley ne mai motar, ya fito lafiya yana jimamin ƙarfensa. Hayaƙi ya kashe Williamson. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka François Cevert, abokin aikin Stewart, ya mutu a Watkins Glen ta Amurka, Stewart ya ajiye tuƙi da tsere 99, bai yi na ɗarin ba.

A 1976 Niki Lauda na Ostiriya ya nemi a fasa tseren Nürburgring saboda hanyar ta yi tsawon da ba za a iya tsare ta ba, aka ƙi. Shi ɗin ne ya ƙone a can ranar 1 ga Agusta, direbobi huɗu suka zaro shi, har limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana. Bayan mako shida ya dawo Monza da ɗanyen ciwo ya zo na huɗu. A tseren ƙarshe a Fuji ta Japan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya yi zagaye biyu ya faka motarsa ya ce ransa ya fi kambu. James Hunt ya ɗauke kambun da maki ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ni na fi girmama fakawar nan da dawowar.

Daga nan abu biyu suka taimaka. A 1978 Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kuɗin gasar, ya ɗauko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, Farfesa Sid Watkins. A shekarar Ronnie Peterson ya yi haɗari a Monza, 'yan sanda suka tare likitan suka hana shi isa wurin da wuri, Peterson ya mutu washegari. Tun daga nan motar likita ke bin bayan masu tsere a zagayen farko. Na biyu, a 1981 McLaren ta gina mota da zaren kabon, mai sauƙi amma ba ya lanƙwashewa ya danne mutum. Wasu suka ce zai tarwatse kamar kwalba, sai John Watson ya yi mummunan haɗari da ita a Monza, inji ya rabu da mota, shi kuwa ya fito da ƙafarsa. Zamanin turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da inji mai lita ɗaya da rabi ke ba da ƙarfin doki fiye da 1,000, da rigimar direbobi biyu, Ayrton Senna da Alain Prost, sai wata rana, lokaci na gudu.

Shekara goma sha biyu babu wanda ya mutu a ranakun tsere, har aka saki jiki. Sai Imola ta Italiya, 1994. Ranar Asabar 30 ga Afrilu Roland Ratzenberger, ɗan Ostiriya, ya mutu. Likita Watkins ya ba da labarin cewa ya ga Ayrton Senna, ɗan Birazil, yana kuka, ya ce masa ya bar tuƙin nan su tafi kamun kifi, Senna ya ce ba zai iya bari ba. Washegari, 1 ga Mayu, motarsa ta miƙe a kwanar Tamburello ta daki bangon siminti, taya da ƙarfen da ke riƙe ta suka same shi a kai. Zakara sau uku, shekararsa 34. A cikin motar aka sami tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya so ya ɗaga don Ratzenberger. Birazil ta yi makokin kwana uku. Wannan karon babu wanda ya ce tsautsayi ya yi shiru: aka rage ƙarfin inji, aka gyara kwanoni, aka ɗaga gefen kujera ya kare kai, aka tsananta gwajin karo, daga baya aka ɗaure tayoyi da igiya. Ba a sake rasa direba a tseren gasar ba sai Jules Bianchi, wanda ya bugi motar janwe a Suzuka a 2014 ya rasu a 2015.

Ga takarda an miƙo min, ana tambaya ko an taɓa yi a Afirka. An yi, ɗana. An yi sau ɗaya a Kasabalanka ta Maroko a 1958, inda Stuart Lewis-Evans ya ƙone ya mutu bayan kwana shida. Afirka ta Kudu ta fara a 1962, ta ma fitar da zakara, Jody Scheckter, a motar Ferrari a 1979. An ci gaba da zuwa can duk da wariyar launin fata har 1985, shekarar da Renault da Ligier na Faransa suka ƙi zuwa. An koma filin Kyalami na can a 1992 da 1993, Prost ya ci na ƙarshen, kuma tun daga nan gasar ba ta sake taka nahiyar ba. Na ji ladan ya kira, shugaba. Wanda na ari sifanar nan a wurinsa ya zo ya karɓi abarsa.