Ka Ari Mota, Aka Yi Hatsari: Wa Zai Biya?

Abokinka ya miƙo maka makulli, ya ce je ka dawo. Kana cikin tafiya na gabanka ya taka birki ba zato, ka daki bayan motarsa. Fitila ta tarwatse, gaban motar abokinka ya lotse. To, inshorar wa za ta biya?

Amsar tana cikin dokar ƙasar da kake, da abin da aka rubuta a takardar inshorar motar.

A Amurka, galibi inshora motar take bi. Muddin mai mota ya ba ka izini, inshorarsa ce za ta fara biya. Idan ɓarnar ta zarce iyakar kuɗin da ke takardarsa, sai a waiwayi taka inshorar, in kana da ita, ta cike giɓin.

A Birtaniya kuwa izinin baki bai wadatar ba. Ko dai sunanka yana cikin takardar mai motar, ko taka inshorar ta faɗa ƙarara cewa kana iya tuƙa motar wani. Ko ta faɗi haka ma, yawanci ɓarnar da ka yi wa wasu kaɗai take ɗauka. Wanda aka kama ba inshora, tarar fam 300 ce da maki 6 na hukunci a lasisinsa, 'yan sanda na iya ƙwace motar, shi ma wanda ya ba da aron ya shiga laifi.

Ga inda mutane suka fi faɗawa rami. Mai mota ya ce maka "ai akwai inshora", kai ma hankalinka ya kwanta. Wace iri ce? Idan ta ɓangare na uku ce, za ta gyara motar da ka daka, ta biya jinyar wanda ka ji wa ciwo, amma motar abokinka ko fenti ba za ta saya mata ba. Sai cikakkiyar inshora ke ɗaukar wannan, ita ma akwai kason da ake fara biya daga aljihu kafin kamfani ya sa hannu. Bayan haka kuɗin inshorar mai motar na iya tashi a shekara mai zuwa, alhali yana gida lokacin da abin ya faru. Wannan ne ya fi damuna, domin a nan zumunci ke lalacewa.

Kamfani kuma yana iya ƙin biya: idan ba ka da lasisi, idan ka yi haya da motar ko ka kai saƙo da ita don a biya ka, ko idan kullum kai ke tuƙa ta amma ba a sa sunanka ba.

Don haka kafin ka karɓi makulli, ka ce a nuna maka takardar. Duba ranar ƙarewarta, duba wa aka yarda ya tuƙa, sannan ku yi magana a kan wanda zai biya kason aljihu. Idan wani abu bai fito fili ba, mai motar ya buga wa kamfaninsa waya kana tsaye.